Ɗaurin Mai Shinge

Likitan da ke zuwa Paso Chenque idan hanya ta yarda shi ne ya faɗa wa Nélida sunan ciwonta, ya kuma faɗe shi ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada ciwon ya ji ana gulmarsa. Ciwon daji ne, a ciki. Ya ce ana gasa shi da na'ura a babban asibitin Comodoro, can bakin teku, kullum da safe har tsawon makonni. Ba gado ake ba mutum ba, a gasa ka ne ka tafi, gobe ka dawo. Inda za ka tafin kuwa ba ya cikin karatun likita.

Akwai masaukin marasa lafiya kusa da asibitin, dogon ɗaki mai gadaje a jere. A nan mahaifiyar Nélida ta cika, tsakanin baƙi biyu, ɗaya na tari ɗaya na jin wasan ƙwallo a rediyo. Saboda haka da suka dawo gida Nélida ta cire takalmi, ta zauna bakin murhu, ta yanke hukunci.

"Ni ba zan kwanta a layi ba. In akwai ƙofar da zan rufe da hannuna, zan je a gasa ni. In babu, a bar ni in mutu a inda na san hanyar banɗaki."

Mijinta, Rosendo Painemal, bai yi gardama ba. Yana tare da ita tun gashinta yana baƙi, ya san in ta faɗi magana da wannan muryar babu wata a bayanta. Abin da ya rage shi ne a nemo ƙofa.

Rosendo mai kafa shinge ne. Duk wayar da ta raba tumakin wani mai gandu da na wani, daga bakin kogi har saman tudu, ko shi ya ja ta ko ubansa. Bai mallaki taku ɗaya na ƙasar da ya kewaye ba, amma wannan bai taɓa hana shi barci ba kamar yadda turke a karkace ke hana shi. Addininsa gajere ne: abu ya miƙe, abu ya yi tsauri. In ya gama jan waya yakan ɗana ta da yatsa. In ta yi kuka siriri ya wuce gaba, in ta yi gurnani ya sake ta gaba ɗaya ya faro daga farko.

Ƙofar kuwa tana bayan shagon Aniceto, ƙanin Nélida, mai faci da walda a bakin hanya. Ɗaki ne na katako da gwangwani, irin wanda ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, da gado a goshinsa wanda ke leƙowa saman kan direba, da ɗan murhu, da taga biyu. Wasu baƙi 'yan yawon duniya ne suka bar shi shekarun baya, lokacin da motarsu ta mutu suka gane cewa ƙarshen duniyar da suka zo kallo ba a sayar da kayan gyara a cikinsa. Tun daga nan kaji ke kwana a ciki. Nélida ta sa aka kore su, aka wanke da ruwan zafi, ta rataya labule, ta gwada sakatar ƙofar. Ta ce ya yi. Ba su ne farau ba, mutanen ƙauye da dama sun ajiye mota a filin bayan asibitin sun zauna a ciki har aka gama da su, ta kowace fuska.

Ranar tafiya, da hantsi, Rosendo ya shigo da tsohuwar a-kori-kurarsa da baya har ƙarƙashin ɗakin, wanda Aniceto ya rataye da sarƙar ɗaga inji. Masu zaman shago biyu suna kan benci suna miƙa wa juna ƙoƙon mate, shayin ganyen ƙasar da ake tsotsa da tsinke, sun zo kallo kyauta. Nélida na kan kujera a jikin bango inda iska ba ta kaiwa, da bargo a cinya.

Aniceto ya leƙa bayan motar ya yatsina fuska.

"Waɗannan fatun fa?"

"Na tumaki ne. In ba ka gane su ba in kawo maka uwarsu."

"Na gane su, suruki, har warinsu na gane. Me suke yi a nan?"

"Sanyi ta ƙarfe yake tasowa. Yayarka ce za ta kwanta a kai."

"To sa roba mana. Ga tsofaffin tayoyi nan jibge, in yanka maka yanzu. Fata mai maiƙo a kan ƙarfe, ai ka sa wa ɗakin takalmin santsi ke nan."

"Abin da aka ɗaure ba ya santsi."

Aka sauke ɗakin a kan fatun. Motar ta yi nishi ta durƙusa, gindin ɗakin ya zarce ƙarshenta da kaɗan, don baƙin nan motarsu ta fi wannan tsawo. A kowace kusurwa ta ɗakin akwai zoben ƙarfe da aka dasa cikin katako. A ƙasa kuma Aniceto ya kwana biyu yana waldar dogon ƙarfe mai huji-huji a kowane gefen motar, don a sami inda za a maƙala ƙugiya. Ga sarƙa huɗu a ƙasa, kowace da abin murɗawa a tsakiyarta.

Aniceto ya ɗauki ɗaya ya maƙala a zoben gaba, ya ja ta zuwa hujin da ke can wajen ƙofar direba.

"Ka ga, na gaba gaba za su karkata, su riƙa jan ɗakin zuwa ƙeyarka. Na baya su karkata baya. Biyu na ja nan, biyu na ja can, sai ya rasa inda zai nufa ya zauna. Kuma kar ka ƙure su. Katakon nan ya sha ruwa ya sha kashin kaji, ka bar masa wurin numfashi."

Rosendo ya dubi sarƙar yadda ake duban ɗan da ya shigo gida a buge.

"A karkace."

"A karkace."

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ɗaure abu a karkace ba."

"Ai shinge ba ya zuwa Comodoro, suruki."

Masu benci suka yi dariya. Da a nan maganar ta tsaya, wataƙila da an shirya. Amma Aniceto ya ji daɗin dariyar, ya ƙara.

"Kuma ma ƙarya kake. Turken kusurwa fa? Da me kake tokare shi, ba da sanda a karkace ba? Ko miƙewa yake yi don yana jin tsoronka?"

Wannan tambayar ita ta ɓata komai, domin gaskiya ce. Rosendo ya ji ta har cikin haƙoransa. Ya tokare turakun kusurwa fiye da yadda zai iya tunawa, kowane da sandarsa a jingine, kuma ya san dalili. Da shi kaɗai ne a daji da motar, da tunanin ya zo masa da kansa kafin ruwa ya tafasa. Amma ya fito ne daga bakin yaron da ya taɓa goge wa majina, a gaban mutum biyu da za su kai labarin kowane gida kafin rana ta faɗi.

"Mai liƙa taya ne zai koya mini turke?"

Ya zare ƙugiyar daga inda Aniceto ya sa ta, ya sauke ta sak zuwa hujin da ke ƙarƙashin zoben. Ya bi sauran ukun haka. Sannan ya sa sifana ya fara murɗawa. Ya murɗa har sarƙar ta daina motsi, ya ƙara, ya ƙara, sai da katakon ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen reshe. Ya ɗana sarƙar da yatsa. Ta yi kuka siriri.

"Ka ji?" in ji shi.

"Na ji. Katakon ma na ji shi."

"Ku biyun nan," in ji Nélida daga jikin bango, "in kun gama, ku tuna ni ce mai mutuwar."

Aniceto ya je ya tsuguna gabanta. Muryarsa ta sauka.

"Yaya, ki zauna a gaba. Kar ki shiga ciki ana tafiya."

"Ba na iya zama, Ceto. In na zauna kamar an dasa mini wuƙa."

"To ki ce masa ya gyara. Ke yana jin maganarki."

Ta dubi mijinta, wanda ya ba su baya yana goge sifana da ba ta da datti.

"Yana ji a gida," in ji ta. "A gaban benci kurma ne. Kama ni in hau."

Kwalta ta raka su kaɗan ta koma, kamar yadda gwamnati ta saba. Daga nan sai tsakuwa, hanya mai haƙarƙari wadda ke kaɗa haƙoran mutum ko ya rufe baki. Iska na bayansu, daga yamma, tana tura motar kamar mai gida da ya gaji da baƙo. Hagu da dama babu komai sai gajeriyar ciyawa mai launin toka da shinge, nasa shingen, miƙe har inda ido ya ƙare. Rosendo ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana shirya amsoshin da ya kamata ya ba Aniceto. Sun zo masa da yawa, kuma duk masu kyau.

Da suka bar gida, in ya ɗaga ido yakan ga leɓen goshin ɗakin a saman gilashi, ya yi masa inuwa kamar hular kwano. Rana ta yi tsaka, suna hawan tudun farko, ya ɗaga ido ya ga leɓen ya sirance. Ya ce wa kansa zama ne ya gyara. A tudu na biyu ya ɗaga ido ya ga sama.

Sai ga ƙwanƙwasa a ƙeyarsa. Akwai 'yar taga tsakanin ɗakin da gaban motar, da safe suna manne, yanzu sai da Nélida ta miƙo dogon cokali kafin ta kai gilashin. Ya zuge nasa.

"Tsoho, ɗakin nan tafiya yake."

"Mota ce ke tafiya."

"Na san tafiyar mota. Ita gaba take yi, shi baya."

Gaba kaɗan akwai wani rami mai faɗi a gefen hanya, inda masu gyaran titi suka taɓa ɗibar tsakuwa. Ya sauka ciki. Kuma ya yi abin da duk ɗan ƙasar nan yake yi tun kafin ya iya rubuta sunansa: ya zagayo da motar ya sa hancinta cikin iska. Wanda ya tsaya iska na bayansa, yana buɗe ƙofa za ta fizge ta ta ninke masa ita a jikin mudugadi, kowa a Paso Chenque ya san wani da aka yi wa haka, galibi baƙo. Gefen yamma na ramin gangare ne mai hawa, don haka motar ta tsaya hanci sama, gindi ƙasa. Ya ja birkin hannu, ya sa dutse a bayan taya, komai bisa ƙa'ida.

Ya zagaya ya duba. Zobban gaba biyu sun taso daga mazauninsu, katakon ya tsage kewaye da su, baƙi a ciki, ruɓaɓɓe kamar tsohon burodi. Tsaurin da ya ba su, da jijjigar hanya, su suka yi ta cizon katakon har ya saki. Da ya saki sarƙoƙin suka yi sako-sako, sarƙar da ke tsaye sak kuwa in ta sami sarari kaɗan sai ta zama lilo. Ɗakin ya yi ta sulalewa a kan fatun, kowane haƙarƙarin hanya da rabonsa, har tsakaninsa da kan motar mutum zai iya tsayawa. Gindinsa na rataye a iska.

Ya buɗe ƙofar ɗakin. Nélida na kwance a kan bencin ɗakin, ta riƙe gefen murhu da hannu ɗaya, leɓenta ya yi fari.

"Sauko. Ki koma gaba."

"Na ce maka ba na iya zama."

"Ki kishingiɗa. Sauko, Tsohuwa."

Wannan shi ne abu guda da ya yi daidai a ranar, kuma bai yi shi da fara'a ba. Ya ɗauke ta da bargonta. Rabon da ya ɗauke ta tun suna da ƙuruciya, lokacin tana da nauyin da yake tsokanarta da shi. Yanzu bai fi damin turaku biyu ba. Iska ta cika bargon, ya yi tangaɗi, ya kai ta gaba ya kwantar da ita a kujera, ƙafafunta a wurin zamansa.

"Ceto ne da gaskiya?" in ji ta.

"Katakon ne ruɓaɓɓe."

"Wato shi ne da gaskiya."

"Zan karkata su. Akwai ƙarfe a ƙarƙashin gadon, zan zagaya da waya ta nan in bar zobban."

"To karkata. Ba zan faɗa masa ba."

Ya koma baya yana jin wani sauƙi da ya ba shi kunya. Babu masu benci a nan. Zai jawo ɗakin gaba da abin jan wayarsa, wanda ya taɓa jawo mataccen doki daga laka da shi, sannan na gaba gaba, na baya baya, da wurin numfashi. Har ya fara ganin yadda zai shiga Comodoro da ɗauri mai kyau, in ma labari ya koma gida ya ce tun farko gwaji yake yi.

Wani mutum, direba ko mai faci, da ɗaya zai kwance ya gyara ya ɗaure kafin ya taɓa ta biyu. Amma hannun Rosendo ba a mota ya yi karatu ba. Wayar da ta yi gurnani ba a gyara ta rabi-rabi, sakinta ake yi daga wannan turke har wancan a faro sabo, in ba haka ba tsaurin ba zai daidaita ba. Bai ma yi shawara da kansa ba. Ya zare ta gaba ta hagu, ya zagaya ya zare ta dama, ya zare na baya, ya jera su huɗun a ƙasa a miƙe, kai da kai, gwanin sha'awa.

A daidai nan iskar ta ɗauke. Ciyawa ta miƙe tsaye, ya ji ƙarar injin yana hucewa. Ya san ma'anar wannan shirun kamar yadda kowa ya sani, iskar ƙasar nan ba ta hutawa, ja da baya take yi. Amma abin jan wayar yana bayan kujera, taku kaɗan ne. Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga ƙafafun Nélida, ya zura hannu.

Ta zo ta saman gangaren da ƙara irin ta jirgin ƙasa. Ta rufe ƙofar a kan cinyarsa. Ta bi ta kan gilashi ta shiga ƙarƙashin goshin ɗakin, inda yanzu akwai sarari isasshe, ta ɗaga shi kamar mai ɗaga haɓar yaro. Motar ta yi sama da gindinta, sakayau. Rosendo ya waiwaya ta 'yar tagar ya ga labulen Nélida yana nisa da shi a hankali, cikin natsuwa, sannan ya ga cikin ɗakin ta ƙasa, da fata ɗaya manne a jiki.

Ƙarar ba ta kai yadda ya zata ba. Ɗakin ya sauka da gindi, ya tsaya tsaye ɗan lokaci kamar mai tunani, ya kife ta baya. Rufin ya buɗe daga kusurwa. Daga nan iska ta karɓi aikin: ta ɓare gwangwanin falle-falle, ta zaro katifa, ta zaro rigunan barcin da Nélida ta ɗinka musamman don kada ma'aikatan asibiti su raina ta, ta kwashe garin fulawa ta yi hayaƙi da shi. Komai ya bi ta gabas ya tsallake rami ya je ya manne a shinge. Shingen ya riƙe. Ko turke ɗaya bai rusuna ba.

Ya bi kayan da gudu, tsoho mai ɗingishi yana kokawa da rigar barci a jikin waya. Ya ceto katifa, da tukunya, da takalmi ƙafa ɗaya. Yana jan katifar ne wata babbar motar ulu ta tsaya a bakin hanya, hanci cikin iska, direban ya sauko yana riƙe da hularsa. Ƙato ne mai tumbi, da alama ya daɗe bai sami abokin hira ba.

"Akwai wanda ya ji ciwo, Baba?"

"Babu."

"To an gode Allah." Ya zagaya tarkacen, ya taɓa bangon da ya rage da ƙafa, bangon ya kwanta. "Wannan kam ko limamin coci ba zai tashe shi ba. Sarƙa ce ta tsinke?"

Idonsa ya faɗa kan sarƙoƙin huɗu, a jere a ƙasa, lafiyarsu ƙalau. Ya dube su, ya dubi Rosendo, ya sosa ƙeya.

"Ni dai yadda na ga ana yi, na gaba a karkata su gaba, na baya…"

"Na sani."

"A'a, ai cewa na yi ko…"

"Na ce na sani."

Direban ya hango fuskar Nélida ta gilashi, ya cire hular, iska ta tayar masa da gashi. Ya taimaka aka ɗora katifar a bayan motar aka danne ta da duwatsu. Ya ce in suna so zai yi gaba su bi shi har kwalta. Rosendo ya ce su yi magana tukuna. Mutumin ya jira kaɗan, ya ga maganar ba mai ƙarewa da wuri ba ce, ya yi musu fatan alheri ya tafi.

Rosendo ya shiga ya ja ƙofa. Nélida ta janye ƙafafunta ta ba shi wuri. Ta riga ta zuba ruwan zafi daga fulas a ƙoƙon mate, ta miƙa masa. Ya sha don ya sami abin yi da bakinsa.

"Mu ƙarasa," in ji shi. "Kwana kaɗan kawai a masaukin. Ni zan kwana a mota a ƙofar. In kira Aniceto, ya haɗa wani, ya iya. Zan roƙe shi. A gaban bencin zan roƙe shi in kina so."

"Da me zai haɗa? Da tayoyi?"

"To a nemi ɗakin haya."

"Tsoho."

Ta faɗe shi ba da faɗa ba, shi kuwa faɗan yake nema. Da ta zage shi, ta kira shi jaki, ta tuna masa duk taurin kan da ya yi tun daga ranar aurensu, da ya san inda zai sa kansa. Sai ta gyara bargo kawai.

"Na faɗa maka tun a bakin murhu."

"Ai ba ki san haka za ta faru ba."

"Ban ce sai in kaza ta faru ba. Cewa na yi in babu."

"Nélida, in ba a gasa ba…"

"Na ji likitan. Ina wurin." Ta karɓi ƙoƙon ta sake cika shi, wannan karon nata. "Kar ka ɗauka wani abin kirki ka raba ni da shi. Filin ajiye motoci ne, da warin kifi. Kuma ba kai ka sa mini ciwon ba, kar ka ɗora wa kanka girman da ba naka ba."

Ya dubi gaba. Tsakuwa na bugun gilashi kamar ana watsa gero. Duk rayuwarsa in abu ya lalace yakan san ta wane turke zai faro, yau ya duba bai ga ko ɗaya ba.

"Me za mu ce wa Ceto?" in ji shi daga ƙarshe.

"Iska ce."

"Zai tambayi sarƙoƙin."

"Ba zai tambaya ba. Zai dube ni, ba zai tambaya ba." Ta tsotsi mate har ƙoƙon ya yi ƙara. "Ka ɗebo su dai, nasa ne."

Ya fita ya tattaro su, ya jefa kan katifar, ya cire dutsen bayan taya. Da ya dawo ya tayar da injin, ya sa hannu a giya, ya tsaya. Comodoro na bayansu. In zai nufe ta sai ya yi baya ya zagaya tarkacen. Gida kuwa ba ya buƙatar ko murɗa sitiyari, motar tun ɗazu can take kallo.

Ya dube ta sau ɗaya, ko za ta ce wani abu. Ta rufe ido.

Motar ta hau gangaren ba wahala, babu kaya a kanta. Da suka koma kan tsakuwa sai ta fara tsalle, kowane haƙarƙari yana isowa kujera kai tsaye, Nélida ta dafe cikinta da hannu biyu. Iska na tura su baya, injin na kuka. Rosendo ya taka, don dai a rage mata tsawon abin.

"A hankali, Tsoho," in ji ta, idonta a rufe. "Yanzu kuma saurin me muke yi?"

Ya ɗaga ƙafa.